Yadda A Ke Gina Ƙashin Baya Da Haƙarƙarin Mutum A Cikin Kwamfuta Don Binciken Haɗarin Mota



Da wuya a sami hakimin da ƙasarsa ta ke bakin babbar hanya wanda ba a taɓa tashinsa da tsakar dare an ce masa mota ta faɗi ba. Malamin hakimi ya san sauran aikin: ya rubuta yawan waɗanda suka rasu, da yawan waɗanda suka ji ciwo, a aika wa hukuma. Amma akwai abin da takardar ba ta ɗauka. Sau da yawa mutum biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa cikin mota ɗaya, ɗaya ya fito da ƙafarsa yana karkaɗe riga, ɗayan kuwa a fito da shi babu ko ɗigon jini a jikinsa, amma kafin a kai asibiti ya cika, ko kuwa ya rayu ƙafafunsa ba su ƙara motsi ba. Kwana na Allah ne, wannan babu gardama. Amma kowane abu da sababinsa, sababin irin wannan kuwa yawanci yana cikin ƙirji da gadon baya, inda ido ba ya kaiwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin shekarar 2021 mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 suka mutu a kan hanyoyin duniya. In an gwama da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowa hasara, watau wajen mutum 19 cikin kowane 100,000. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana yadda masana a Amurka da Japan da ƙasashen Turai suka koyi gina ƙirji da bayan mutum da lissafi a cikin kwamfuta, su buga shi, su ga inda zai karye, da kuma abin da wannan ilmi ya nuna wanda ya shafi talakawanmu.

Ginin da a ke magana a kansa

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce. Ƙasusuwa ne ƙanana 33, a jere kamar ƙwayoyin carbi: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a kwankwaso, sauran 9 kuwa na can ƙasa, waɗanda yawancinsu su kan haɗe idan mutum ya girma. Tsakanin waɗanda su ke motsi akwai wani faifai na guringuntsi, gefensa da tauri, tsakiyarsa da laushi, shi ne matashin da ya ke hana ƙashi gogar ƙashi. Kowace ƙwaya tana da kafa ta baya, kafofin nan suka haɗu suka zama rami guda, a ciki laka ta ke kwance tun daga ƙwaƙwalwa har wajen kwankwaso. Ta cikin laka umurnin kai ya ke zuwa hannu da ƙafa. Ƙashi in ya karye ya kan haɗe. Laka in ta tsinke, har yau likita ba shi da hanyar ɗinke ta.

Haƙarƙari 24 ne, 12 kowane gefe, kowanne ya taso daga ƙashin baya ya lanƙwaso gaba. Bakwai na sama suna kama ƙashin ƙirji ta hanyar guringuntsi, uku na biye da su suna rataye a guringuntsin na samansu, biyu na ƙarshe kuwa bakinsu a sake ya ke. Duka sun yi kamar akurki, a ciki zuciya da huhu su ke, a ƙarƙashin gefensa kuma hanta da saifa suka fake. Wanda ya ke son ya ga wannan da idonsa, ya tsaya wurin mahauta ranar kasuwa. Ni kaina na yi haka, na sa aka tsaga mini haƙarƙarin rago, sai na ga ashe abin da mu ke ɗauka ƙashi ne dunƙulalle, ɓawo ne kawai siriri, cikinsa kamar soso. Na mutum ma haka ya ke: kaurin ɓawon a wurare da yawa bai kai milimita 1 ba. Wannan ya sa haƙarƙari ya ke iya lanƙwasa da kowane numfashi, shi ne kuma ya sa lissafinsa ya ke da wuya.

Abin da karo ya ke yi wa jiki

Motar da ta ke gudun kilomita 50 a sa'a, in ta daki bango, daidai ta ke da wadda aka sako daga tsawon mita 10, watau kamar saman bene mai hawa uku. In gudun ya ninka biyu, ƙarfin ninki huɗu zai yi. Dukan al'amarin kuwa wajen kashi ɗaya cikin goma na sakan ya ke ɗauka. Mota ta tsaya, amma mutumin da ke ciki yana nan yana gudunsa na dā har sai ya sami abin da zai tsai da shi, ko bel, ko sitiyari, ko gilashi. Shi ma bayan ya tsaya, zuciyarsa da huhunsa ba su tsaya ba tukuna, sai sun daki haƙarƙari ta ciki. Karo uku ke nan cikin ƙiftawar ido.

Wanda ya fara bin wannan zance da natsuwa wani Ba'amurke ne, Hugh DeHaven. Cikin 1917, yana koyon tuƙin jirgin sama, jirginsa ya yi karo da wani a sama, ya tsira da munanan raunuka a ciki. Cikin 1942 ya buga bincike a kan mutanen da suka faɗo daga tsawon ƙafa 50 zuwa 150 suka rayu. Ya ga duk sun faɗa ne bisa abin da ya lotsa, kamar ƙasa mai laushi ko rufin mota, kuma jikinsu ya sauka a shimfiɗe. Daga nan aka sami ƙa'idar da duk wannan ilmi ya ke tsaye a kai: jiki yana iya ɗaukar ƙarfi mai yawa in an baza shi bisa wuri mai faɗi, aka kuma ja lokacinsa.

To, har nawa zai iya ɗauka? Wani likitan sojan sama na Amurka, Kanar John Paul Stapp, ya ce a gwada da shi. Ran 10 ga Disamba 1954, a hamadar New Mexico, aka ɗaure shi bisa wata kujera mai gudu a kan dogo, roka tana tura ta, ya kai mil 632 a sa'a, aka tsai da shi cikin sakan 1.4. Ƙarfin da ya danne shi ya kai ninki 46 na nauyin jikinsa. Idanunsa suka cika da jini, ya yi ɗan lokaci ba ya gani, amma ya warke, bai rasu ba sai 1999 yana da shekara 89. Jarumtaka ce, ba shakka, amma ba hanya ba ce mai ɓullewa. Ba za a iya gwada mai rai har ƙashinsa ya karye ba, inda ya ke karyewa kuwa nan ne a ke son sani.

Dutse da sifirin

Farkon lissafin ƙashin baya ba don mota aka yi shi ba, don jiragen yaƙi aka yi. Tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙera kujerar da ta ke harba matuƙi sama in jirginsa zai faɗi. Ta ceci rayuka, amma matuƙa da yawa sun sauko da karaya a baya, yawanci daidai inda ƙasusuwan bayan ƙirji su ke haɗuwa da na kwankwaso. Cikin 1957 wani masani a Ingila, Latham, ya kwatanta mutum da kujerarsa da nauyaye-nauyaye da aka haɗa da sifirin, irin wanda ke ƙarƙashin mota. Ku ɗauka an aza dutse bisa sifirin, aka bugi sifirin ɗin daga ƙasa. Dutsen shi ne kai da ƙirji, sifirin shi ne ƙashin baya, gwargwadon matsewar sifirin kuwa shi ne gwargwadon haɗarin karaya.

Irin wannan lissafi ya tabbatar da wani abin da hankali ba zai kawo da sauri ba. Kowa zai ce matashi mai kauri da laushi ya fi kare baya. Ashe a nan akasin haka ne. Sa'ad da kujera ta tashi, matashin ya kan lotsa tukuna, mutum yana zaune wuri ɗaya, kujera tana ƙara gudu, sa'an nan in matashin ya gama lotsawa ta same shi gaba ɗaya da bugun da ya fi na fari. Cikin 1969 Stech da Payne suka tsara wannan dabara ta zama ma'auni ga sojan sama na Amurka. Sifirin ɗinsu yana kai da kawowa wajen sau 8 a sakan, yadda jikin mutum ya ke yi, suka ce in ma'aunin ya kai 18, to wajen matuƙa 5 cikin 100 za su ji ciwo a baya.

Ga ƙirji kuwa, Charles Kroell na kamfanin General Motors, tare da wani likita Alan Nahum, sun yi gwaje-gwaje waɗanda aka buga cikin 1971 da 1974. Sun bugi ƙirjin gawa da wani abu mai faɗin santimita 15, mai nauyin wajen kilo 23, da gudun da ya kai kilomita 24 a sa'a, suna auna ƙarfin bugu da yadda ƙirji ya ke lotsawa. Cikin 1973 Lobdell ya mai da wannan lissafi na nauyi da sifirin, ya ƙara da abin da ke rage tsalle, kamar shokazoba. A kan wannan awo aka ƙera ƙirjin mutum-mutumin nan Hybrid III cikin 1976, wanda ku ke gani a hotuna an zaunar da shi a mota ana gwara ta da bango. Nauyinsa wajen kilo 78 ne. Dokar Amurka ta ce in ƙirjinsa ya lotsa fiye da milimita 63, motar ba ta ci jarrabawa ba.

Mutum-mutumin nan ya yi aiki ƙwarai, amma yana da aibu. Haƙarƙarinsa na ƙarfe ne, shida kowane gefe maimakon goma sha biyu. Bayan ƙirjinsa ƙarfe ne sandararre wanda ba ya tanƙwara. Ba shi da huhu, ba shi da hanta, kuma ba ya karyewa, gama an yi shi ne don a yi ta gwaji da shi. A tsakiyar ƙirji kaɗai ya ke auna lotsawa, alhali bel a karkace ya ke ratsa ƙirji. Sifirin na lissafi kuma lamba ɗaya ya ke ba da amsa, ba ya iya cewa ga haƙarƙarin da zai fara tsagewa.

Yanka jiki gunduwa-gunduwa

Dabarar da ta warware wannan, hakimai sun fi kowa saurin gane ta. A dā, zamanin ƙidayar haraji da jangali, ba wanda ya ke tsayawa a fada ya dubi ƙasa ya faɗi yawan mutanenta. Sai a raba ta gunduma-gunduma, gunduma a raba ta ga dagatai, dagaci ga masu unguwanni, mai unguwa ya bi gida-gida. Lissafin gida ɗaya ba wuya, in an tara kuwa sai ga na ƙasa duka. Haka injiniyoyi su ke yi da abin da siffarsa ta fi ƙarfin lissafi ɗaya. Su kan yanka shi a takarda ya zama ƙananan gutsattsari, kowanne mai sauƙin siffa, kowanne a manne da maƙwabtansa ta kusurwoyi. Injiniyoyin jirgin sama suka bayyana hanyar cikin 1956 don lissafin fikafikai, Ray Clough ya raɗa mata suna cikin 1960. Cikin 1976 John Hallquist ya rubuta wa kwamfuta wani tsari, DYNA3D, wanda ya dace da abubuwan da ke faruwa farat ɗaya, daga gare shi ne waɗansu tsare-tsaren da masu ƙera motoci su ke aiki da su yau suka samo asali.

In za a gina mutum ta wannan hanya, abu na fari shi ne siffa. Ana samunta daga na'urorin asibiti masu ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki, kamar CT, wadda aka fara ɗaukar hoton majinyaci da ita a Ingila cikin 1971. Cikin 1994 kuma wani babban ɗakin karatun likitanci na gwamnatin Amurka ya fitar da hotunan wata gawa da mai ita ya ba da ita tun yana raye, an daskarar da ita an yanka fiye da sau 1,800, tsakanin kowane yanka milimita 1. Daga irin waɗannan hotuna a ke zana kowane haƙarƙari da kowace ƙwayar ƙashin baya.

Abu na biyu shi ne hali. Siffa kaɗai gunki ce. Sai an gaya wa kwamfuta cewa wannan gutsure ɓawon ƙashi ne, ga taurinsa, ga inda ya ke tsagewa, wancan soson ciki ne, wancan guringuntsi, wancan jijiya ce wadda ta ke ja amma ba ta tokarewa, wancan huhu ne mai iska. Lambobin nan ba daga ka a ke kawo su ba. A kan yanko ɗan siririn ƙashi, a sa shi a na'ura, a ja shi har ya tsinke ana aunawa. Akwai kuma wata wahala: naman jiki ba halinsa ɗaya ba ne ga bugu na sannu da na sauri. Ku tsoma tafin hannu cikin ruwa a hankali, zai shige. Ku mari ruwan da ƙarfi, za ku ji kamar katako. Viano da Lau sun nuna cikin shekarun 1980 cewa zuciya da huhu suna iya lalacewa in bugu ya zo da sauri ko da ƙirjin bai lotsa da yawa ba. Wannan yana cikin dalilan da ke sa a ga mutum lafiya ƙalau a waje, ciki kuwa ya ɓaci.

Sa'an nan a zaunar da wannan mutum na lissafi cikin motar lissafi, a ɗaura masa bel, a sake ta. Kwamfuta ba ta duba karon gaba ɗaya. Ta kan matsa gaba da ɗan lokaci wanda bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba, ta lissafta yadda kowane gutsure ya ture maƙwabcinsa, ta sake matsawa. Karon da ya ɗauki kashi ɗaya cikin goma na sakan, taki 100,000 ke nan ko fiye, kowane taki kuma sai an zaga gutsattsarin duka. Shi ya sa manyan na'urori su kan kwashe sa'o'i da yawa a kan abin da ido bai gama ƙiftawa ba ya wuce. In an gama, injiniya ya zauna ya duba a hankali, ya cire fata da nama a allo, ya ga haƙarƙari na huɗu ya miƙe har ina, ƙwayar baya ta goma sha biyu ta matsu har yaya.

Biyu daga cikin waɗannan mutanen lissafi sun fi shahara. Kamfanin Toyota na Japan ya soma gina nasa, THUMS, cikin 1997, ya fito da shi cikin 2000 da gutsattsari wajen 80,000. Na huɗu, wanda ya fito cikin 2010 da kayan ciki daki-daki, ya tasam ma miliyan 2. Daga Janairu 2021 kamfanin ya saki abin kyauta ga masu bincike. Ɗayan kuwa na wata ƙungiya ce, GHBMC, wadda kamfanonin mota da dama suka kafa cikin 2006 tare da jami'o'i. Nata an ɗauki siffarsa daga wani saurayi mai rai, matsakaicin tsawo da nauyi, yana da gutsattsari fiye da miliyan 2.

Wa ya ce lissafin gaskiya ne?

Wannan ita ce tambayar da mai hankali zai yi. Kwamfuta ba ta san ƙarya da gaskiya ba, abin da aka zuba mata shi ta ke niƙawa, kuma hoto mai kyau a allo yana da saurin ruɗin mutum. Sabo da haka ba a amincewa da mutumin lissafi sai ya ci jarrabawa mataki-mataki. A lanƙwasa haƙarƙari ɗaya na gaske, a lanƙwasa na lissafi, a gwama. A danna ƙirji guda. A Jami'ar Virginia, Richard Kent da abokan aikinsa sun danna ƙirji ta hanya huɗu: da abu mai zagaye kamar tsakiyar sitiyari, da bel ɗaya a karkace, da bel biyu a gicciye, da abu mai faɗi irin jakar iska. Sai na lissafi ya bi na gaske cikin duka huɗu kafin a ce ya yi. Gwajin Kroell na 1971 ma har yau ana jarraba sababbin da shi.

A nan dole a faɗi abin da zai yi wa mai karatu nauyi. Duk awon nan daga gawar mutane aka samo shi. A wurinmu gawa abar girmamawa ce da gaggauta sutura, a can ma abin bai wuce ba tare da gardama ba. An taɓa dakatar da irin wannan gwaji a Amurka cikin 1978, an kuma yi babbar hayaniya a Jamus cikin 1993 da aka ji Jami'ar Heidelberg ta yi amfani da gawarwaki, har da na yara. Yau ƙa'ida ita ce sai da yardar mamacin tun yana raye ko ta magadansa. Ɗaya daga cikin amfanin mutumin lissafi shi ne, awon da aka ɗauka sau ɗaya za a yi ta aiki da shi sau dubu ba a koma ga gawa ba.

Duk da haka akwai giɓi. Gawa ba ta ɗaure jiki in ta ga haɗari tafe, mai rai kuwa ya kan tokare ƙafa ya ƙanƙame sitiyari, shi ya sa aka ƙara wa sababbin THUMS tsokoki masu motsi daga 2015. Kuma an daɗe ana gina komi bisa jikin namiji matsakaici. Wani bincike na Jami'ar Virginia cikin 2019 ya nuna cewa a karon gaba da gaba, mace mai ɗaure da bel ta fi namiji shiga haɗarin mummunan rauni da wajen kashi 73 cikin 100. Masana a Suwidin sun gina ta mace matsakaiciya don cike wannan giɓi. A ganina wannan gyara ya yi jinkiri ƙwarai, gama ba jiya mata suka fara shiga mota ba.

Abin da ya shafi gundumominmu

Motocin da ke bin hanyoyinmu a waɗancan ƙasashe aka tsara su, da wannan lissafi, bisa sharaɗi ɗaya: mutum ɗaya a kujera ɗaya, bel a ɗaure. In an cusa mutum biyu a gaba kusa da direba, ko an ɗora fasinja bisa buhuna a bayan babbar mota, to an fita daga cikin lissafin, duk hikimar da aka zuba a motar ba ta same su ba.

Bel mai kama wuri uku, wanda Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da shi cikin 1959, yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, ta soma tilasta ɗaura shi cikin 2003. Amma ɗaurawa iri-iri ce. Igiyar ƙasa bisa ƙashin ƙugu ya kamata ta kwanta, ba bisa ciki ba, mai juna biyu ma ta sa ta ƙarƙashin cikin. In ta hau sama, ko mutum ya kwantar da kujera ya zame ta ƙarƙashinta, sai ta yanki hanji, jiki ya naɗe a kanta, ƙwayar baya ta tsage gida biyu. Irin wannan karaya wani likitan Ingila, Chance, ya bayyana ta tun 1948. Igiyar sama kuwa ta bi tsakiyar kafaɗa. Masu mai da ita ƙarƙashin hammata don kada ta ɓata babbar riga, ko masu ɗora ta a cinya don idon ma'aikata, sun tara ƙarfin bisa haƙarƙarin ƙasa, inda hanta da saifa su ke.

Dattawa su ne suka fi bukatar kulawa. Da shekaru ɓawon haƙarƙari ya kan ƙara sirancewa, guringuntsi ya bushe. Kent ya nuna cikin 2005 cewa ɗan shekara 30 sai ƙirjinsa ya lotsa wajen kashi 35 cikin 100 kafin yiwuwar karaya ta kai rabi, ɗan shekara 70 kuwa kashi 13 ya isa. Wannan ya sa aka ƙera bel mai ɗan sakin jiki in ja ya yi yawa. Tsohon da ya fito daga mota yana cewa ƙirjinsa ne kawai ke ɗan ciwo, kada a sallame shi gida. Kada kuma a ɗaure masa ƙirji tam da rawani, gama hana numfashi mai zurfi ya kan jawo ciwon huhu. In an ga wani sashe na ƙirji yana shiga ciki sa'ad da sauran ya ke fitowa, haƙarƙari da yawa ne suka karye wuri biyu-biyu, a yi asibiti da shi nan take. Yaron goye kuma, mai kilo 10, a karo mai tsanani nauyinsa yana iya ninkawa sau 30, watau buhun gero uku. Babu uwar da za ta riƙe wannan a hannu.

Sai batun ɗauka, wanda shi ne ya fi damuna. Na taɓa tsayawa inda mota ta faɗi, na ga bayin Allah, da kyakkyawan nufi, sun kama wani ta hannu da ƙafa, bayansa ya lotsa kamar guga, kansa yana reto, suka naɗe shi a bayan wata ƙaramar mota. Ƙwayar baya tana iya karyewa laka ba ta taɓu ba tukuna, sai wurin ɗauka gutsuren ƙashi ya gusa ya yanke ta. Duk wanda ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, ko ƙafarsa ta mutu, ko yana jin kamar allura a yatsu, ko ya suma, a ɗauka bayansa ya karye. In ba wuta ko wani haɗari a wurin, a bar shi yadda ya ke, a kira 122 ko 112. In ɗauka ta zama tilas, mutum ɗaya ya riƙe kai da hannu biyu, uku ko huɗu su ɗaga tare, kai da wuya da baya a miƙe layi ɗaya, a kwantar da shi bisa ƙyaure ko katako mai faɗi. Kada a zaunar da shi, kada a ɗura masa ruwa. Maɗora muna girmama sana'arsu, amma baya da wuya ba wurin ja ko murzawa ba ne, gama hannu ba ya jin inda laka ta ke. Muna roƙon hakimai su tara dagatai da shugabannin tasha su karanta musu wannan sashe.

Ga malamai kuma akwai nasu aikin. Jarrabawa ta ƙarshe da a ke yi wa mutumin lissafi ita ce a sake gina haɗarin da ya auku da gaske, a ga ko raunin da kwamfuta ta faɗa shi ne likita ya tarar. Amurka tana tara irin wannan bayani tun 1979. A Jamus tun 1999 akwai ma'aikata a Hannover da Dresden waɗanda su ke zuwa wurin haɗari da ma'auni, su rubuta komi. Malamin da ya ke rubuta rahoton haɗari a gundumarsa, bayan yawan mamata da masu rauni, ya ƙara da irin motar, da mutum nawa ta ɗauka, da gefen da aka buga, da inda kowane mai rauni ya ke zaune, da shekarunsa, ko ya ɗaura bel ko bai ɗaura ba, ko ya iya motsa ƙafarsa kafin a ɗaga shi, da abin da aka ɗauke shi a kai zuwa asibiti.